Daga Teku Zuwa Teku A Ƙaramin Jirgi: Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

 

Idan aka ce jirgin sama, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ƙaton jirgin nan mai kwasar ɗaruruwan mutane, wanda ke lulawa cikin gajimare har ya koma ɗan ɗigo. To, akwai wani nau'in jirgin da cikinsa bai fi na ƙaramar mota ba: inji ɗaya, farfela ɗaya a hanci, kujera biyu ko huɗu. A ƙasar Amurka akwai mutanen da ke hawa irin wannan jirgi, nasu na kansu ko na haya, su ratsa ƙasar daga gaɓar Tekun Atlantika a gabas har gaɓar Tekun Pasifik a yamma, suna yada zango gari-gari, don yawon buɗe ido kawai. Wannan tafiya za mu bi yau, domin tana da darasi ko ga ɗalibin da bai taɓa taka filin jirgi ba. Darasin kuwa shi ne, lissafi da haƙuri su ke kai matuƙi inda ya nufa, jarumta sai dai ta biyo bayansu.

Wanda ya fara ratsa ƙasar

A shekarar 1903 ne 'yan'uwan nan biyu masu sana'ar keke, Wilbur da Orville Wright, suka tayar da jirgi mai inji karo na farko. Bayan shekara bakwai, a 1910, wani attajiri mai gidajen jarida, William Randolph Hearst, ya sa kyautar dala 50,000 ga duk wanda ya fara ratsa Amurka a jirgin sama cikin kwana 30. Ya kuma ba da wa'adin shekara guda.

Cikin waɗanda suka shiga gasar akwai Calbraith Perry Rodgers, wanda aka fi sani da Cal Rodgers. Wani zazzaɓi da ya yi yana yaro ya taɓa masa ji, har ya zama ba ya ji sosai. A shekarar 1911 ɗin da ya shiga gasar ce ma ya koyi tuƙi, a makarantar su Wright. Jirginsa kuwa, da za ku gan shi yau, sai ku ce ragowar kayan kafinta ne: katako, ƙyalle da waya, da inji mai ƙarfin doki 35, da farfela biyu a baya waɗanda sarƙa ke juyawa kamar ta keke. Babu ɗakin matuƙi. A fili yake zaune, iska da ruwan sama suna dukansa. Wani kamfani mai suna Armour ne ya ɗauki nauyin tafiyar don tallar lemonsa na inabi, Vin Fiz, shi ya sa aka laƙaba wa jirgin wannan suna.

Ranar 17 ga Satumba, 1911, ya tashi daga Sheepshead Bay a birnin Niyok. A lokacin babu filayen jirgi a hanya, babu rediyon magana da na ƙasa, babu hasashen yanayi irin na yau. Layin dogo yake bi da ido. A ƙasa kuma wani jirgin ƙasa na musamman yana biye da shi, ɗauke da kayan gyara da makanikai da matarsa da mahaifiyarsa. Cikin makanikan har da Charlie Taylor, mutumin da ya ƙera injin jirgin su Wright na 1903.

Washegarin tashinsa, a garin Middletown, ya yi karo da bishiya wajen tashi, ya rikito cikin akurkin kaji. Aka kwashe kwanaki ana gyara. Wata rana kuma ya bi layin dogon da ba shi ba, sai ga shi a garin Scranton da ba ya cikin hanyarsa. Bai isa Shikago ba sai bayan kimanin mako uku, alhali ko kashi ɗaya cikin uku na tafiyar bai yi ba. Kyauta dai ta kuɓuce ke nan. Duk da haka ya ce sai ya ga ƙarshen hanya. Ya karkata kudu ta birnin Kansas, ya ratsa jihar Teksas ta Dallas da San Antonio da El Paso, ya bi hamadar Arizona. A cikin Kalifoniya inji ya fashe yana sama, ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa hannu, amma ya iya sauko da jirgin.

Ranar 5 ga Nuwamba ya sauka a Pasadena, inda dubban mutane suka tarbe shi. Kwana 49 ke nan da barinsa Niyok. Ya sauka wajen sau 70 a hanya, ya faɗi fiye da sau goma sha biyu, kuma kaɗan ne ƙwarai cikin sassan jirgin da ya taso da su suka iso tare da shi, sauran duk an sauya. Ko a nan ma bai ce ya gama ba, tunda ƙafar jirginsa ba ta taɓa ruwan Pasifik ba. A ɗan guntun da ya rage ya sake faɗuwa ya ji mummunan rauni, sai 10 ga Disamba ya sauka a bakin teku a Long Beach, sandunan dogarawarsa suna ɗaure a jikin jirgin.

Ku ɗauki alƙalami mu duba wani abu. Kwana 49 awa 1,176 ne. A cikinsu, kimanin awa 82 kacal Rodgers ya yi a sama. Sauran awa dubu da 'yan kai a ƙasa ya yi su: gyara, jinya, barci, da jiran iska ta kwanta. Wato ko tafiyar da tarihi ya fi yabawa da jarumta, fiye da kashi 90 cikin 100 nata zaman jira ne.

Ƙarshen Rodgers kuwa akwai ban tausayi. Ranar 3 ga Afrilu, 1912, yana wasan nuna gwaninta a sararin Long Beach, ya kutsa cikin garken tsuntsayen teku, jirgin ya faɗa ruwa, ya rasu yana da shekara 33. Jirgin Vin Fiz yana nan har yau a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian.

Yadda ake tafiyar a yau

Tsakanin Niyok da Los Angeles a miƙe kusan kilomita 4,000 ne, kuma babban jirgin fasinja yana cinye su cikin kimanin awa shida. Mai ƙaramin jirgi kuwa kwanaki yake warewa.

Mu ɗauki Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000, adadin da babu wani jirgi da ya kai shi. Kujerunsa huɗu. Sabon samfurinsa yana da inji mai ƙarfin doki 180, yana gudun kimanin kilomita 220 a awa, yana ɗaukar man da za a iya amfani da shi kimanin lita 200, yana kuma shan kimanin lita 35 a awa. Idan kun raba za ku ga tafiyar teku zuwa teku za ta ci awa 20 zuwa 25 a sama, gwargwadon hanyar da aka bi da yadda iska take. Yawancin matuƙa sukan sauka duk bayan awa uku ko huɗu, su sha mai, su miƙe ƙafa, su kewaya, don jirgin ba shi da ban-ɗaki.

Abin da ya sa tafiyar ke yiwuwa shi ne yawan wuraren sauka. Amurka tana da filayen jirgi kimanin 5,000 da kowa ke iya amfani da su, kuma mafi yawansu ƙanana ne da babban jirgi ba ya zuwa, ko hasumiyar masu ba da hannu ba su da ita. Matuƙi shi zai yi shela a rediyo ya faɗi inda yake da abin da zai yi, sauran matuƙan da ke kusa su saurara su ba shi wuri. A da yawansu da kansa zai sa kati ya zuba mai. A wasu ma akan ajiye wata tsohuwar mota ta baƙi, a ba matuƙi aro ya shiga gari ya ci abinci ya dawo da ita.

Daɗin tafiyar kuwa yana ga abin da ido ke gani. Babban jirgi yana tafiya ne sama da mita 10,000, daga can ƙasa duk ta zama ɗaya. Ƙaramin jirgi a mita 1,000 zuwa 2,000 yake bi, inda mutum zai ga Kogin Mississippi yana lanƙwasa da jiragen dakon kaya a kansa, ya ga gonakin noman rani na Kansas da Teksas zagaye-zagaye kamar an jera faifai, saboda bututun ban-ruwansu yana juyawa ne a kan turke guda, sannan ya ga kore yana janyewa sannu a hankali har hamada ta karɓe. Taswirar da ake zanawa a allo ce take shimfiɗe a ƙasa. Kowace shekara a watan Yuli kuma, jirage wajen 10,000 sukan hallara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, masu su da dama suna kafa tanti su kwana a ƙarƙashin fiffiken jirginsu.

Lissafi uku kafin a kunna inji

Na farko, nauyi. Wannan samfurin Cessna bai halatta ya tashi da nauyin da ya wuce kilo 1,157 ba. Shi kansa jirgin, ba mai ba mutum, kimanin kilo 760 ne. Saura 397. Litar man jirgi tana da nauyin kilo 0.72, don haka cikakken tanki kilo 144 ne. Saura 253. Yanzu ku kawo manya huɗu, kowanne kilo 70: 280 ke nan. An zarce da kilo 27 tun ba a sa jaka ko ɗaya ba. Kun ga kujera huɗu ba ta nufin mutum huɗu. Dole a rage mutum, ko a rage kaya, ko a rage mai a yawaita sauka. A tashar mota akan ce a matsa a sa mutum ɗaya. A nan babu wannan zance. Inda aka ajiye kayan ma abin dubawa ne, domin jirgi kamar amalanke yake, idan lodi ya taru a baya gaba sai ya ɗaga.

Na biyu, iska da mai. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar yadda kwale-kwale yake a cikin kogi. A sararin Amurka iska ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas, saboda haka mai zuwa yamma yawanci gaba da gaba yake yi da ita. A ce zango kilomita 660 ne. Idan iska a kwance take, awa uku ne. Idan kuwa tana tunkaro jirgin da gudun kilomita 55 a awa, gudunsa a kan ƙasa ya koma 165, tafiyar ta zama awa huɗu. An ƙara awa guda, an ƙara lita 35. Dokar Amurka ta ce mai tafiya da ido da rana ya tashi da man da zai kai shi wurin saukarsa, ya kuma rage na minti 30, da dare kuma na minti 45. Matuƙa masu hankali da yawa sukan sa wa kansu awa guda cur, domin a sama babu gefen titi da za a raɓe a ɗauki galan a tafi neman mai.

Na uku, tudu da zafi. A yammacin Amurka akwai jerin Duwatsun Roki, waɗanda wasu ƙololuwansu suka haura mita 4,300, iyakar abin da wannan jirgi ke iya hawa da ƙyar. Iska tana ƙara sirancewa yayin da ake hawa, zafi ma yana ƙara sirantar da ita. Inji irin wannan yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, fiffike da farfela ma ba sa samun abin kamawa sosai. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi a bakin teku da sanyin safiya, sai ya cinye titi duka bai ɗaga ba a filin da ke kan tudu da tsakar rana. Wannan ne ya sa masu ƙananan jirage da dama suke zagayawa ta kudu, ta El Paso da Tucson, inda ƙasa ta fi kwanciya, kusan hanyar da Rodgers ya bi shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Shi ya sa kuma suke sammako, su sauka kafin rana ta take, iskar hamada ta fara jijjiga jirgi, hadari ya haɗu.

Abokin gaban da ke zaune a kujerar matuƙi

Tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai tuƙi da ido, inda matuƙi ke kallon ƙasa da layin da sama ta haɗu da ita don ya san jirginsa a daidai yake. Akwai kuma tuƙi da na'urori, wanda ke buƙatar ƙarin horo da shaida ta daban. Masu yawon buɗe ido da yawa na farkon kawai suke da shi.

Idan irin wannan matuƙi ya shiga gajimare ko hazo, jikinsa ne zai fara yi masa ƙarya. A can cikin kunnen mutum akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa ko a tsaye yake ko a karkace. Idan jirgi ya karkata a hankali, ba sa ji. Sai matuƙi ya rantse a miƙe yake tafiya alhali jirgin yana kewayawa yana nutsewa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon na'urori, aka hana su ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, kuma a matsakaici cikin sakan 178, wato ko minti uku bai cika ba.

Ranar 16 ga Yuli, 1999, John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya tashi a jirginsa ƙirar Piper Saratoga tare da matarsa da 'yar'uwarta, za su tsibirin Martha's Vineyard. Sun makara wajen tashi, dare ya yi, hazo ya rufe teku, shi kuma bai samu shaidar tuƙi da na'urori ba. Jirgin ya faɗa teku, dukkansu suka rasu. Masu bincike ba su sami wata matsala a jirgin da za a ɗora wa laifi ba, sun ce matuƙin ne ya rasa sama da ƙasa. Mu nan da muka san hazon hunturu, wanda kan sa a soke tashin manyan jirage a Kano da Kaduna da Maiduguri, ba sai an yi mana dogon bayanin yadda sama ke rufewa ba.

Masu koyar da tuƙi sun daɗe suna gargaɗi a kan wata cuta da ba ta jiki ba: zumuɗin sai an isa. Ana jiran mutum a wurin biki, ya riga ya biya kuɗin masauki, abokai suna kallo, kunya ta hana shi cewa a fasa. Sai ya ga hadari ya ce zai wuce kafin ya sauko, ya ga mai ya yi ƙasa ya ce zai kai. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Matuƙin da ya kwana uku a wani ɗan ƙauye yana kallon sama, shi ne ke komawa gida ya ba da labari.

Misali na kusa shi ne Zara Rutherford, wadda ta kewaya duniya ita kaɗai a ɗan ƙaramin jirgi tana da shekara 19, ta kammala a watan Janairun 2022. Ta tsara wata uku, tafiyar ta ci wata biyar, domin ta shafe makonni a Alaska da gabashin Rasha tana jiran takardu da kuma yanayi ya gyaru. Da ta biye wa zumuɗi, da wataƙila wani labarin ake bayarwa.

Mai sha'awa daga ina zai fara?

A Amurka ana barin ɗan shekara 16 ya tashi shi kaɗai a matsayin ɗalibi, a 17 kuma yana iya samun lasisin tuƙin jirgi na ƙashin kai, bayan aƙalla awa 40 na horo a sama. Cikin sharuɗɗan akwai tafiya shi kaɗai zuwa garuruwa masu nisa, ya tsara hanyarsa da kansa, ya sauka a wurare uku. A nan gida muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, wadda aka kafa a 1964, kuma a ƙananan jirage irin waɗannan kowane ɗalibi ke farawa. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, ta yi karatu, daga baya har ta shugabanci kwalejin. Don haka 'yan matanmu, wannan zance har da ku.

Gaskiya ɗaya ce, karatun yana da tsada ƙwarai, ba kowane gida ke iya ɗaukarsa ba, shi ya sa da yawa sai da tallafin gwamnati ko na kamfani suke samu. Amma tallafi idan ya zo, takardar sakamako yake tambaya. Ku sake duba abin da muka bi yau: nauyi da mai lissafi ne, sirancewar iska fiziks ne, duwatsu da yanayi labarin ƙasa ne, 'yan bututun kunne ilmin halittu ne, magana a rediyo kuwa da Ingilishi ake yin ta a sararin samaniyar duniya. Duk suna cikin jadawalin da ke manne a bangon ajinku. Halin da ke ceton matuƙi ma tun daga nan ake koyonsa: yaron da ya iya ce wa abokansa ba zai hau babur su uku ba, ko ba zai shiga rafi bayan an yi ruwan sama ba, ko da za su kira shi matsoraci, ya fara darasin da wasu manya suka rasa ransu saboda rashinsa.

Aikin wannan mako

Kai ne matuƙi, ke ce matuƙiya. Zango kilomita 880 ne, jirgi yana gudun 220 a awa, iska tana tunkaro shi da gudun 44 a awa. A tanki akwai lita 200, inji yana shan 35 a awa. Awa nawa tafiyar za ta ci? Lita nawa za ta rage? Ragowar ta cika sharaɗin doka na minti 30? Ga kuma tambaya ta ƙarshe, wadda ba a samun amsarta a na'urar lissafi: idan doka ta yarda, za ku tashi a miƙe, ko za ku yada zango a tsakiya ku ƙara mai? Ku tattauna da malamin lissafinku, ku aiko mana da amsa da dalili, tare da suna da aji da makaranta.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan da rai da lafiya. A yi karatu da kyau.